Na leƙa Berea, kwalejin da ɗalibi ba ya biyan kuɗin karatu

Daga Lexington muka tashi da safe ni da wani abokina, muka bi babban titin I-75 muka yi kudu, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba sai ga mu a Berea, ɗan ƙaramin gari a jihar Kentucky ta Amurka, daidai inda tsaunukan Appalachia suka fara ɗagowa. Garin da kwalejin kamar a haɗe suke, ba katanga ba get, kana tafiya kawai sai ka tsinci kanka cikin makaranta.

Mun fara tsayawa a Boone Tavern, otal ɗin kwalejin da aka gina a 1909, yarinyar da ta kawo mana shayi ashe ɗaliba ce, aikinta kenan. Haka tsarin yake, kowane ɗalibi sai ya yi aiki aƙalla awa 10 a sati, wani a gona wani a laburare wani a kicin, kuma tun 1892 ba a karɓar kuɗin karatu a hannun kowa, ƴaƴan talakawa suke ɗauka musamman na yankin tsaunukan nan. Na shiga wajen da suke ɗaure tsintsiya da hannu, wani yaro ya taka igiya da ƙafa yana jan ta yana naɗe karan dawar tsintsiya a jikin sanda, hannunsa duk ya yi kanta, yana aiki yana gaya min jarrabawar kimiyya yake da ita da yamma.

Amma wallahi tarihin wurin ne ya fi tsaya min a rai. Wani malamin coci mai adawa da bauta, John G. Fee, shi ya kafa makarantar a 1855 bayan Cassius Clay, wani mai manyan filaye da shi ma ke adawa da bauta, ya ba shi filin zama a yankin, a jihar da a lokacin ake saye da sayar da bayi, ya ce baƙi da fari, mace da namiji, aji ɗaya za su zauna. A ƙarshen 1859 mutane ɗauke da bindigogi suka kore su daga yankin. Bayan yaƙin basasar Amurka suka dawo suka buɗe, a shekarar karatu ta 1866 ɗalibai baƙar fata 96 ne farare 91. Carter G. Woodson, wanda ya assasa makon tarihin baƙar fata a Amurka, nan ya gama a 1903.

Sai 1904 majalisar Kentucky ta yi dokar da ake kira Day Law ta haramta koyar da baƙi da farare a makaranta ɗaya, kuma kowa ya san Berea aka nufa. Kwalejin ta kai ƙara har Kotun Ƙoli, a 1908 aka yanke mata hukuncin faɗuwa, alƙali Harlan ya ƙi yarda da hukuncin amma masu rinjaye sun yi rinjaye. Dole ta tara kuɗi aka buɗe wa baƙar fata Lincoln Institute kusa da Louisville a 1912. Abin ya yi min ciwo sosai, mutane sun zauna lafiya shekara kusan 40 suna cin abinci tare suna karatu tare, gwamnati ta zo da doka ta raba su da ƙarfin tsiya, kuma aka zauna a haka har 1950 da aka gyara dokar, a shekarar kuwa Berea ta sake ɗaukar ɗalibai baƙar fata.