Yaƙin Koriya bai ƙare ba, shi ya sa rikicin nukiliyar Kim ya ƙi ci ya ƙi cinyewa

Duk sanda Koriya ta Arewa ta harba makami mai linzami cikin teku sai ka ga mutanenmu a Facebook sun rabu gida biyu, wasu na ta kirari wai shugabanta Kim Jong Un namijin duniya maganin Amurka, wasu kuma na cewa mahaukaci ne kawai da ke neman halaka duniya. Ni dai duka biyun ba su gamsar da ni ba, saboda da wuya ka ga wanda ya koma baya ya duba yaƙin 1950 zuwa 1953, alhali daga can wutar ta taso, kuma har yau a takarda ba a rufe wannan yaƙin ba.

Japan ce ta mulki Koriya daga 1910 har 1945. Da ta sha kashi a yaƙin duniya na biyu sai aka raba ƙasar, Tarayyar Sobiyet ta riƙe arewa, Amurka ta riƙe kudu, zuwa 1948 kowane ɓangare ya kafa gwamnatinsa, Kim Il Sung a Pyongyang, Syngman Rhee a Seoul, kuma kowannensu cewa yake shi ke da ƙasar baki ɗaya. Ranar 25 ga Yunin 1950 sojojin Arewa suka tsallako, cikin kwana uku sun kama Seoul.

Toh a nan gardamar take. Har gobe abin da ake koya wa yara a makarantun Arewa shi ne Amurka da Kudu ne suka fara kawo hari. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma masu yi wa Kim kirari ya kamata su ji. Bayan rushewar Sobiyet an buɗe takardun Mosko, an ga yadda Kim Il Sung ya yi ta naci wajen Stalin, shugaban Sobiyet, a ba shi izinin kai hari, har Stalin ya amince a 1950, Mao na China ma ya yarda. Eh, an yi ta artabu a kan iyaka tun 1949, Rhee ma ba waliyyi ba ne, gwamnatinsa ta kashe dubban mutanenta bisa zargin kwaminisanci a tsibirin Jeju da wasu wurare, amma wanda ya tura tankoki ranar an san shi.

Sai dai fa abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren da labaran Turawa ba su cika son tsayawa a kai ba, kuma wallahi duk sanda na karanta sai jikina ya yi sanyi. Amurka ta zuba bama-bamai kimanin tan 635,000 a Koriya, fiye da wanda ta jefa a duk yankin Fasifik lokacin yaƙinta da Japan, ga kuma napalm mai kama jikin mutum ya yi ta ci ba ya mutuwa, Pyongyang ta zama kufai, mutane suka koma rayuwa cikin ramuka da koguna, a watan Mayun 1953 har madatsun ruwa aka fasa ruwa ya shanye gonakin shinkafa, ka san kuwa wanda ya lalata wa manomi gonarsa da gangan ya san yunwa ce za ta biyo. A No Gun Ri sojojin Amurka sun buɗe wa 'yan gudun hijira wuta a Yulin 1950, kuma 'yan Kudu ne fa, waɗanda aka ce an zo karewa, shekaru ana musun abin sai da kamfanin dillancin labarai na AP ya tono shi a 1999. Ita ma Arewa tana da nata ƙarin gishirin, ta gina gidan tarihi a Sinchon tana cewa Amurkawa sun kashe mutum 35,000 a can, amma masana tarihi da yawa na ganin yawancin kisan 'yan Koriya ne suka yi wa junansu.

Maganar nukiliya ma tun a yaƙin ta shigo. Bayan China ta turo sojojinta, a ƙarshen Nuwamban 1950 Shugaba Truman ya faɗa wa 'yan jarida cewa ana duba yiwuwar amfani da bam ɗin atom, shekara biyar kacal bayan Hiroshima. Daga 1958 har 1991 kuma akwai makaman nukiliyar Amurka jibge a Koriya ta Kudu. Wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani gudu yake, don haka tsoron da ke zukatan 'yan Arewa ba farfaganda ce kaɗai ta haife shi ba.

Abin da aka sa wa hannu a Panmunjom ranar 27 ga Yulin 1953 tsagaita wuta ce kawai, ba sulhu ba, Kudu ma ba ta sa hannu ba. Har yanzu akwai sojojin Amurka wajen 28,500 a can.

An gwada sasantawa. A 1994 Arewa ta yarda ta dakatar da tasharta ta nukiliya da ke Yongbyon a ba ta mai da sabbin tashoshin lantarki biyu, aikin ya yi ta jan ƙafa, a 2002 Amurka ta zarge ta da tace yuraniyom a ɓoye, komai ya watse. A 2003 ta fice daga yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya, ta yi gwajin farko a Oktoban 2006, na shida a Satumban 2017. Sannan ga Libiya. Gaddafi ya miƙa shirinsa na nukiliya a Disamban 2003, a 2011 NATO ta yi masa ruwan wuta aka kashe shi, mu nan mun san abin da ya biyo baya don makaman da suka watsu sun iso Mali da Nijar. Pyongyang ta fito fili ta ce darasi ne gare ta. Duk da haka a 2018 John Bolton, mai ba Trump shawara kan tsaro a lokacin, ya buɗe baki ya ce tsarin Libiya za a bi da Koriya ta Arewa, ana shirin zaman Trump da Kim Jong Un a Singapore. Zama na biyu a Hanoi a Fabrairun 2019 haka aka tashi baram-baram.

Wannan duk ba ya wanke gidan Kim. A shekarun 1990 yunwa ta kashe dubban ɗaruruwan mutane a ƙasar, kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya a 2014 ya bayyana sansanonin da ake azabtar da fursunonin siyasa, kuma gwamnatin na amfani da raunin yaƙin ne tana rufe bakin talakanta. Shi ya sa kirarin nan ke min ciwo.

A ganina da an sa hannu a kan takardar kawo ƙarshen yaƙin tun tuni, da an ƙwace wa gidan Kim babbar hujjarsu. Moon Jae-in, shugaban Kudu na lokacin, ya roƙi hakan a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a 2021, ya sauka a 2022 ba a yi ba, a Satumban 2023 kuma Arewa ta rubuta makaman nukiliya cikin kundin tsarin mulkinta.