Ƙarfe kafin fenti: yadda muke tayar da tsofaffin motocin Amurka a Hamburg

Garejinmu ƙarami ne, a gabashin Hamburg, kusa da inda 'yan'uwanmu 'yan Afirka ta Yamma ke loda kwantena zuwa gida. Mota biyu yake ɗauka, ta uku sai dai ta kwana a waje an lulluɓe ta da tamfol. Mu uku ne a ciki. Ni ne a kan ƙarfe da walda. Abokin aikina Bajamushe ne, shi ke riƙe da inji da wayarin, kuma shi ne mai takardar Meister wadda dokar Jamus ta ce sai da ita ake buɗe wurin gyaran mota. Sai yaro ɗaya ɗan koyo. Aikinmu tsofaffin motocin Amurka masu inji V8, wato mai silinda takwas, na tsakanin 1964 zuwa farkon shekarun 1970: Mustang, Camaro, Firebird, Nova, jefi-jefi kuma Charger idan aljihun mai ita yana da nauyi.

Masu kawo mana aiki ba attajirai ba ne. Attajiri ya san inda yake zuwa. Namu su ne direban bas, ma'aikacin tashar jiragen ruwa, Baturke mai ɗan shago, ɗan Ghana da ya daɗe yana tari da kaɗan-kaɗan. Mutane ne da gurnanin injin nan ya shiga ransu, kuɗinsu kuma a ƙirge yake. Irin wannan mutum idan ya zuba kuɗinsa a inda bai dace ba, motar za ta tsufa a kan jak ba tare da ta taka kwalta ba.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, shawarata kullum ita ce Mustang ta 1965 zuwa 1968, mai rufi na yau da kullum, ba mai gangaren baya ba. Na san masu aƙidar motocin nan za su ce Mustang ba ta cikin manyan 'yan dambe, ainihin gidan shi ne Pontiac GTO ta 1964 da Chevelle SS da Charger R/T. Ban musa ba. Amma Ford ta fito da Mustang a watan Afrilun 1964, kafin shekara biyu ta cika ta ƙera miliyan ɗaya. Abin da ya yi yawa haka, kayansa ba sa wuya. Kusan kowane noti da kowace roba ta motar nan ana ƙera sabonta har yau. Je ka nemi gefen baya na Charger ka ji farashi, za ka dawo mu yi magana.

Kafin ka biya ko sisi, duba lambar jikin motar. Harafin da ke gurbi na biyar a lambar shi ke faɗar injin da ta fito da shi daga masana'anta. T inji ne mai silinda shida. C shi ne V8 ɗin da ake kira 289, na talakawa, mai lita 4.7. A shi ne 289 mai babbar kafireta, K kuma shi ne wanda ake rububi, mai ƙarfin doki 271. Dillalai da yawa sukan sayi mai T da araha, su jefa mata V8, su sayar a matsayin ta asali. Ƙirga notin taya ma ya isa ya tona su: mai silinda shida huɗu gare ta, V8 biyar. Idan aka ɗora babban inji a kan ƙananan birki da ƙafafun mai silinda shida, an haɗa maka hatsari ne aka sa masa farashi.

Sai maganar da ta fi ci mini rai, wato 'yan fila, masu rufe ɓarnar jikin mota da kwaɓin nan da ake shafawa kafin fenti. Mustang ba ta da shasi daban kamar a-kori-kura, jikin nata shi ne ƙashinta. Idan tsatsa ta ci dogayen ƙarafan da ke ƙasa, da akwatunan da ke haɗa su da daɓen motar, to babu mota, sai siffarta. Masu neman kuɗin gaggawa sun san mai saye daga Turai hoto kawai yake gani. Sai su toshe ramuka da fila, su goge, su watsa jan fenti mai ƙyalli, su ɗauki hoto da yamma lokacin da rana ta yi laushi. An taɓa kawo mini wata da ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Bremerhaven tana walƙiya. Na ɗora mayen ƙarfe a bayan tayar baya, ya zame ya faɗi ƙasa. Da muka kankare, filar da ke wurin ta kai kaurin babban yatsa, a bayanta ragar waya ce da kumfar da magina ke toshe taga da ita. Mai motar ya zauna a kan tsohuwar taya ya yi shiru, ni ma ban ce masa komai ba sai da ya sha shayi.

Akwai gwaji ɗaya da ba ya cin ko kwabo. A gaban gilashin gaba akwai ragar da iska ke shiga. Ka ɗebo ruwa a bokiti ka zuba a ciki, ka leƙa ƙarƙashin sitiyari. In ruwa ya sauko kan kafet, tiren ƙarfen da ke tare ruwan a ƙarƙashin ragar ya ruɓe, kuma shi ya sa daɓen ya ruɓe. Mutane kan canza daɓe su bar tiren, bayan damina biyu su koma gidan jiya. Gyaransa na gaskiya sai an cire gilashi, an cire fuka-fukan gaba biyu, an huda ɗigon walda fiye da ɗari ɗaya bayan ɗaya, an buɗe, an gyara, an shafe cikin da maganin tsatsa, sannan a mayar. Aiki ne da idan an gama babu mai ganinsa. Shi ya sa 'yan fila ba sa taɓa shi, shi ya sa kuma ni nake farawa da shi.

Hannun nan a Panteka ta Kaduna na samo shi. Lokacin 504 ce sarauniyar hanya, ana haɗa ta a can Kaduna, ga tsofaffin 404 a-kori-kura da motocin haya na J5 da ba sa rabuwa da karo. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, ba ya yarda yaro ya taɓa fila sai ya iya guduma. Zai miƙo maka fiffiken da ya lotse ya ce, "Kai yaro, rufe idonka. Ido maƙaryaci ne a kan ƙarfe, tafin hannu ka tambaya." Haka za ka yi ta shafawa kana bugu, ƙarfen dako a ciki guduma a waje, har tudu da kwari su ɓace. Inda ƙarfe ya miƙe ya yi tumbi, sai a ɗana masa wutar gas daidai faɗin kwabo har ya yi ja, a bubbuga gefensa, a danna jiƙaƙƙen tsumma, ya tsuke ya koma mazauninsa. Sabon fiffike ba ya cikin lissafi a lokacin. Daga jikin tsohuwar mota ko murfin firiji muke yanko faranti mu lanƙwasa a kan guntun dogo. Muna yi muna ƙunƙuni, muna ganin talauci ne ya sa. Ashe jari ake tara mana.

Da na zo Jamus na ƙara abu biyu. Na koyi waldar waya mai gas, wadda ba ta dumama faranti kamar ta kabad, na kuma koyi cike gaɓa da dalma a wurin wani dattijo da ya yi aikin jikin mota tun kafin a haife ni. Ana narka ta a kan ƙarfe mai tsabta, a baje da ludayin katako da aka shafa wa kitse, a goge da zarto. Ba ta shan ruwa, ba ta tsagewa. Faci kuma baki da baki nake haɗa shi, ba na ɗora wani a kan wani, domin tsakanin faranti biyu nan ne danshi ke kwana. Ɗigo a nan, ɗigo a can nesa, a bari ya huce, a dawo. Mai gaggawa zai ja walda a miƙe, farantin ya murɗe, sai ya ɗauko me? Fila.

A nan ne gwanintar hannu ke zama kuɗi a aljihun mai mota. Wanda ke zaune a Amurka zai yi odar sabon gefe a kawo masa ƙofar gida cikin kwana kaɗan. Mu a nan sai an biya dako, a biya kwastan, a ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari, kuma har kuɗin dakon ake yi wa harajin. Babban faranti ba nauyinsa ake caja ba, girman kwalinsa. Bayan duk wannan, idan na arahar ne, ya iso bai zauna ba: layin jiki ya kauce, bakin ƙofa ya buɗe, ramin noti yana wani gari. Araha ba ta ado. Wani mai sayar da kaya ya taɓa turo mana daɓen hagu guda biyu, da muka yi magana ya ce mu mayar a kan kuɗinmu. Don haka inda tsatsa ta ci tafin hannu, tafin hannu nake yankewa, in ƙera madadinsa daga farantin milimita ɗaya. Ƙarfen Ford na asali da ya rage lafiya ya fi sabon kwaikwayo zama daidai. Abin da ba makawa sai an saya, muna tara odar mutum uku ko huɗu ta biyo jirgin ruwa tare. Tana daɗewa, amma mai ƙaramin ƙarfi da haƙuri yake biyan rabin kuɗi.

Wani abin da ke ba ni haushi shi ne motar da ta ratsa hannun wanda ba shi da sifanun inci. Duk notin motocin nan da inci aka auna su. Rabin inci milimita 12.7 ne, sai mutum ya kama shi da sifana 13, ta riƙe kamar gaske, ya ja, kan notin ya zama kwabo. Mafi muni wanda zai tura notin milimita cikin ramin inci da ƙarfin tsiya. Yaronmu ranar da ya fara aiki na kulle akwatin milimita na sa makullin a aljihu.

Bayan ƙarfe sai birki. Mustang ta kafin 1967 tukunyar man birki ɗaya gare ta, bututu ɗaya ya fashe ƙafa huɗu sun tafi. Muna sa mai gida biyu, in da hali a sa birkin faifai a gaba, wanda dama Ford na sayar da shi a zamanin ga mai so. Daga nan robobin ƙafa da sitiyari, sai wayarin da ya shekara hamsin yana bushewa. Inji yana can baya a layi, abin da ke ba mutane mamaki. Abokin aikina ba ya buɗe 289 sai ya auna matsin kowace silinda. In sun yi kusa da juna, kafireta kawai zai wanke ya canza mata robobi, ya gyara wuta, ya duba lagireto, ya zuba baƙin mai mai sinadarin zinki da tsofaffin injuna ke buƙata, shi ke nan. Injin nan jarumi ne. Mai son ya yi tsere da Porsche a babbar hanya kuwa ya sauya shawara, yawanci giya uku ce da ita, ihu kawai za ta yi ta yi.

Dokar Jamus ma tana bayan mai barin mota yadda take. Tun 1997 motar da ta cika shekara 30, tana cikin kyakkyawan hali kuma ba a sauya mata kama ba, tana samun lamba mai H a ƙarshe. Harajinta na shekara Yuro 191.73 ne komai girman inji, alhali ba tare da H ba inji mai lita 4.7 zai ci kusan Yuro 1,200. Tana kuma shiga tsakiyar biranen da aka hana motoci masu hayaƙi. Wajen shigowa ma, idan kwastan sun karɓe ta a matsayin motar tarihi, kashi 7 cikin ɗari ake biya. Sai ka ga saurayi ya kashe kuɗi a kan manyan wiloli na zamani da talabijin a gaban mota, ya je wurin masu duba mota a hana shi H. Abin da doka ke nema kaɗan ne: fitilun gaba irin na Turai, fitilar gargaɗi mai ƙyaftawa huɗu, da ƙasan mota da zai jure tsinin sukudireban mai dubawa. Wani lokaci akan ci karo da wadda aka rubuta wa T-5 a jiki. Mustang ce, haka Ford ta sayar da ita a Jamus domin kamfanin Krupp ya riga Ford rajistar sunan Mustang a kan manyan motocinsa. Tana da daraja, amma ta sha gishirin hunturun ƙasar nan shekara da shekaru, don haka a duba ta sau biyu. Wadda ta fito daga Arizona ko cikin Kalifoniya, ko fentinta ya ƙone ƙurmus kujerun sun yage, ita nake so.

Ciniki kuwa, 'yan'uwana sun fi kowa wahalar da ni. Bajamushe zai karanta takarda layi-layi, ya yi tambaya, ya sa hannu. Namu zai dafa kafaɗata ya ce, "Haba Malam, kai fa namu ne. Wannan a gida ai kwana uku ne an fesa mata fenti." Nakan ce, "Alhaji, gaskiya ne, kuma a nan ma akwai masu yi maka a kwana uku. In ka je, ka ajiye lambata, za ka neme ni bayan hunturu biyu." Wasu sun tafi, wasu sun dawo. Abin da nake iya yi wa mutum shi ne in raba masa aikin gida-gida. Bana a yi ƙarfe da birki, a yi mata shafin farko mai hana tsatsa, ta sami lamba ya fara hawa. Baɗi a yi kujeru. Fenti ya jira sai an samu sarari. Wanda ke da hannu kuma ina barinsa ya zo ran Asabar ya kwance kujeru da bamba, ya kankare ƙasan motar da kansa, a cire masa wannan daga lissafi. Walda ce kawai ba na ba kowa.

Yawancin masu motocin nan daga Afrilu zuwa Oktoba suke hawa, da an fara zuba gishiri a titi sai a ɓoye su. Saboda haka hunturu ne kakarmu. Kafin mota ta bar wurinmu muna fesa kakin hana tsatsa a cikin kowane kogon jikinta, ƙofofi da dogayen ƙarafa da bayan fuka-fukai, har sai ya ɗigo ta ramukan ƙasa. Yanzu haka Nova ta 1972 ce a kan jak an buɗe mata but, ga Mustang ta 1966 a gefe tana jiran tiren gaba. Mai son gurbi a hunturu mai zuwa ya yi magana tun bazara, ya zo da lambar jikin motar da hotunan ƙasanta.