Alhaji da tsohon CD ɗinshi

Shagona ƙarami ne, nan kusa da babbar kasuwar Tawa, ni da yara biyu. Mutane na tsammanin canjin ekran da batir ne abincinmu, amma wallahi abin da ya fi kawo mana kuɗi tsoffin lojisiyel ne da masu su suka ƙi rabuwa da su.

Satin da ya wuce wani Alhaji mai saida piyes ɗin moto ya shigo da baƙar leda, ciki CD guda na wani lojisiyel duk ya kakkarce, a jikinshi an rubuta Windows da Mac. Tun yana ci-rani Abijan ya samo shi, da shi yake lissafin kaya da bashin mutane sama da shekara 20. Tsohuwar mashin ɗin ƙura da zafi sun gama da ita, ɗanshi ya aiko mishi sabuwa mai Windows 11. Ya ce "ɗana, sa min abina kawai." Na ce Baba ai wannan ko wurin sa CD babu gare ta.

Na jona lektar CD ta waje, abu ya ce bai san zancen ba. Ashe ɗan shirin da ke girka shi 16-bit ne, wato tsohon tsari irin na zamanin Windows 3.1, kuma Windows mai sabon tsarin 64-bit ba ta buɗe irinshi ko kusa, ita ko 11 tun fitowarta a 2021 64-bit kaɗai ake yin ta, saboda haka wannan mode compatibilité, wato dabarar buɗe tsoffin shirye-shirye, da yara ke ta dannawa ɓata lokaci ne a nan. Yarona ya ce to tunda an rubuta Mac mu ara MacBook mu gwada, sai da na yi dariya. Mac ɗin wancan lokacin mai tsohon inji ne da ake kira PowerPC, Apple ta bar ɗaukar shirye-shiryenshi tun 2011, a 2019 ma ta watsar da 32-bit.

Sai na koma ma VirtualBox, wato kwamfuta cikin kwamfuta, na girka Windows XP a ciki, lojisiyel ya shiga lafiya lau. Na yanke ma XP ɗin intanet ƙaf, don Microsoft ta daina kula da ita tun 2014, ka bar ta a buɗe virus su yi biki. Inda na sha wuya diskin tsohuwar mashin ɗin ne, inda lissafinshi yake, IDE mai faɗin baki, da kyar na tono adaftarshi ƙasan kwali, kuran ya ɗauke sau biyu ina tsakiyar kwafi, gabana na ta faɗuwa don kwafin nan babu na biyu.

Na ce jika 15, ya ce kai yaro ji tsoron Allah, muka tsaya 12. Da abin ya buɗe bai ko kalli sabuwar mashin ba, ya sa tabarau ya bi sunaye da yatsa har ya tsaya kan wani mutumin Abalak, nan take ya jawo waya ya kira shi.