Kafin ka ba da odar DNA, duba lambar da ke bayan ɗigo

Mai aikin harhaɗa halittu ba daga kansa yake ƙirƙiro jerin DNA ba. Daga rumbun bayanai yake kwafowa, ya gyara, ya tura wa kamfani ya haɗa masa. Duk kuskuren da ke cikin rumbun zai biyo shi har ɗakin gwaji. Harafi ɗaya ma ya isa: a aikin da cibiyar J. Craig Venter ta fitar a 2010, harafi guda da ya ɓace a cikin ƙwayar gado mai suna dnaA, daga haruffa sama da miliyan ɗaya, ya tsayar da aikin makonni da dama.

Rumbunan ba ɗaya ba ne. GenBank ma'ajiya ce, abin da aka kawo shi take ajiyewa, kuma gyara yana hannun wanda ya shigar da bayanin. Swiss-Prot kuwa ƙwararru ne ke bin kowane furotin suna tantancewa, shi ya sa abin da ke cikinta bai kai miliyan ɗaya ba. A TrEMBL, wani rumbun furotin, kwamfuta ce ke laƙaba suna bisa kamanni, sunan da aka yi kuskurensa sau ɗaya sai ya yaɗu.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne lambar siga, wato lambar da ke bayan ɗigo a lambar shaidar jeri. Ɗauki jerin bakteriyar E. coli K-12 MG1655 a GenBank, mai siga biyu. U00096.2 na da haruffa 4,639,675, U00096.3 na da 4,641,652. Bambancin 1,977 ne. Ka ɗauko lambobin wuri daga tsohuwar takardar bincike ka ɗora a sabon jeri, sai haruffa 50 da ka tsara don maye gurbin ƙwayar gado su sauka wani wurin daban. Da jerin haruffan kansa ake nemo wuri, ba da lamba ba.

Sai teburin fassara, wanda ke nuna abin da kowane haruffa uku na DNA ke nufi wajen gina furotin. A bakteriyar Mycoplasma, TGA na nufin tiriftofan, ɗaya daga cikin tubalan furotin, a E. coli kuwa umarnin tsayawa ne. In ka sa ƙwayar gadon Mycoplasma a E. coli ba ka mayar da kowane TGA zuwa TGG, wanda shi ma tiriftofan ne, ba, guntun furotin za ka samu.

A ganina matakin da bai kamata a tsallake ba shi ne karanta jerin ainihin bakteriyar da ke cikin firizarka. Tana tara sauye-sauye a hannun mutane, kuma harafi ɗaya da ya sauya kusa da PAM, ɗan gajeren jerin da Cas9 (furotin mai yanka DNA) ke nema kafin ya yanka, na iya hana Cas9 yanka, ko da jagoran mai haruffa 20 da ke nuna masa wuri ya dace da abin da rumbu ya nuna.