Tarihin Rayuwar Dominic Ongwen, Kashi na Huɗu: A Gaban Alƙalan Hague

A makon jiya mun tsaya a watan Janairun 2015, lokacin da Dominic Ongwen ya fito daga daji a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, aka wuce da shi birnin Hague. Tun watan Yulin 2005 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ba da sammacin kama shi, tare da Joseph Kony, shugaban ƙungiyar 'yan tawayen Yuganda ta LRA (Lord's Resistance Army), da wasu kwamandojinta uku. An buɗe shari'arsa ranar 6 ga Disamba, 2016, da tuhuma 70.

A cikinsu akwai wadda ta fi sosa rai, wato tilasta wa yara 'yan ƙasa da shekara 15 shiga yaƙi. Abin da aka yi masa ke nan shi ma a 1987, ranar da aka tare shi a hanyar makaranta a arewacin Yuganda, yana ɗan shekara tara bisa lissafin kotu. To me ya sa wannan bai wanke shi ba?

Amsar tana cikin Dokar Rome da ta kafa kotun. Sashe na 8 ya ce ɗaukar yaron da bai kai 15 ba aikin yaƙi laifi ne, ko da yaron ne ya kawo kansa. Sashe na 26 ya hana kotun gurfanar da mutum kan abin da ya aikata kafin ya cika 18. Sannan hurumin kotun bai fara ba sai 1 ga Yuli, 2002. Don haka sace shi da aka yi ya faɗa wajen hurumin kotu, ta'asar da aka sa shi yana yaro ita ma haka. Abin da ya rage shi ne 2002 zuwa ƙarshen 2005, lokacin da ya zama magidanci, har ya kai ga riƙe rundunar Sinia, ɗaya daga cikin rundunonin LRA. Akwai giɓi a nan da ya kamata a lura da shi: ɗan shekara 16 ba ya cikin kariyar sashe na 8. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yara ta 1990 da ƙarin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya na 2000 ne suka kai shekarun zuwa 18, amma babu kotun da ke ɗaure mutum a ƙarƙashinsu.

Shaidu sun bayyana yadda ake mayar da yaro mayaƙi. Da farko a shafa masa man kaɗanya, a ce masa yanzu ko ya gudu za a gano shi. Sai bulala, wai don a fitar masa da halin farar hula. Wanda aka kama yana gudu, a gaban sauran ake kashe shi, sau da yawa ma su ake tilasta wa su kashe. 'Yan mata ƙanana kuwa, waɗanda ake kira "ting ting", aikin gida suke yi wa kwamandoji har a raba su a matsayin mata.

Lauyoyinsa sun kafa hujja da sashe na 31: taɓin hankali da tilas. Likitocin ƙwaƙwalwa na ɓangarorin biyu suka saɓa, alƙalai suka karɓi ra'ayin na masu gabatar da ƙara. Batun tilas kuwa sharaɗinsa mai tsauri ne, sai an nuna barazanar mutuwa ko mummunan rauni tana kan mutum a lokacin da yake aikata laifin. Kotu ta ga Ongwen kan yi nisa da Kony, yana yanke shawara da kansa, wasu kwamandoji kuma sun tsere shi bai tsere ba. Abin da ya fi karya shi muryarsa ce. Jami'an tsaron Yuganda sun daɗe suna naɗar maganganun LRA ta rediyo suna rubutawa a littattafai, aka ji shi yana kai rahoton hare-hare.

Ranar 4 ga Fabrairu, 2021, aka same shi da laifi 61, ciki har da hare-haren sansanonin 'yan gudun hijira na Pajule, Odek, Lukodi da Abok. Sai a wajen yanke hukunci ne yarintarsa ta yi masa rana. Lauyoyin waɗanda aka zalunta sun nemi ɗaurin rai da rai, masu gabatar da ƙara suka nemi aƙalla shekara 20, nasa lauyoyin suka ce 10. Ranar 6 ga Mayu aka ba shi shekara 25, alƙali ɗaya cikin ukun yana ganin 30 ce ta dace. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a Disamban 2022, yanzu yana zaman kurkuku a ƙasar Norway.

Mako mai zuwa za mu koma Lukodi, mu duba diyyar sama da Yuro miliyan 52 da kotu ta yanke a 2024, da yadda aka tsara rabonta.