Lambar da ke gindin gidan harsashi

A wajenmu Funtuwa, in aka ambaci bindiga ba labarin alheri ne ke biyo baya ba. Shi ya sa ranar da tsohon da nake haya a ɗakinsa na ƙasa a Winnipeg ya buɗe wata kabad ta ƙarfe, na ga tsofaffin bindigogi bakwai a jere, sai da na lissafa ko kuɗina za su kama mini wani ɗakin. Watana uku ke nan a Kanada. Janairu ne, sanyi ya kai 30 ƙasa da sifiri, ga shi ban san kowa ba sai abokan aikin dare a sito.

Bai ma lura da halin da na shiga ba. Kwali ya jawo, ya miƙo mini wani ƙarfe baƙi. "Yaro, idonka da sauran ƙarfi. Karanta mini abin da aka buga a gindin nan."

Gidan harsashi ne, wanda sojoji ke kira magazin. Sun fi ashirin a kwalin, ya tara su tun yana aikin jirgin ƙasa, yanzu ido ya gaza, yana so ya mayar da kowanne ga bindigarsa kafin 'ya'yansa su gaji tarkacen da ba su san kansa ba. Yana da lasisi, bindigogin a kulle suke, harsashi kuma a wani akwati daban. Duk wadda zai ɗauka sai ya ja sakata ya leƙa ciki, ko da shi ya ajiye ta minti biyar da suka wuce. Ganin haka ne ya fara kwantar mini da hankali.

Yawancin bindigogin Lee-Enfield ne, ta sojan Ingila, mai sakatar da ake ja da hannu bayan kowane harbi. Gidanta na cin harsashi 10 samfurin .303. Ana iya cire shi, amma ba a saba musanya shi a fagen daga ba; ta sama soja ke ɗura harsashi, biyar-biyar. Saboda haka kowane gida ya zauna da bindiga ɗaya, maƙerin bariki ya lanƙwasa leɓɓansa daidai da ita, sau da yawa kuma ya buga lambarta a gindinsa. Da aka gama yaƙi aka yi gwanjonsu, sai komai ya cakuɗe.

Na ɗauka duk ɗaya ne, sai da Baba, haka nake kiransa, ya sa ni shafa su da yatsa. Na samfurin No. 1 Mk III, wadda ta fito a 1907, kwarin da ke gefensa ya sauka har ƙasa. Na No. 4, ta 1941, kwarin ya tsaya kafin ya kai gindi, kuma tudun bayansa inda maƙalli ke kamawa ya sha bamban. Akwai wani mai kusurwa huɗu da ya ƙi shiga ko'ina: ashe na Ishapore 2A1 ne ta Indiya, mai cin 12 na harsashi 7.62. Wani ɗan ƙarami mai cin 6 kuma na K31 ne ta Suwizalan. Mauser ɗin Jamus da ke gefe ba ta ba mu wahala ba, ita nata gidan a cikinta yake.

Sai hatimai, waɗanda su na fi so. LB na nufin masana'antar Long Branch da ke bakin Toronto. S mai kusurwoyi ta kamfanin Savage ce a Amurka. Kan kibiya alamar kayan gwamnatin Ingila ce, in kuma tana cikin harafin C, to ta Kanada ce. Da waɗannan haruffa na gyara Turancina, don sai na maimaita lamba sau uku kafin kunnen Baba ya yarda da yadda nake furta ta.

Rannan na ga wani ya kusa shiga No. 4, na buga shi da tafin hannu. Tsohon nan ya riƙe mini hannu. "Ba a yi mata dole." Ya ce ko lamba ta dace, sai an gwada da harsashin bogi marar albarushi, a ja sakata sau goma a ga ko kowanne zai hau lafiya. Leɓe ɗaya ya karkace kaɗan, sai harsashi ya cije.

A wannan zaman ne na ce masa kakana ya je yaƙin Hitila, an kai su ƙasar Bama, wato Burma. Ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya san runduna ta 81 da ta 82 ta sojan Afirka ta Yamma, ya san kwarin Kaladan inda suka gwabza da Japan a 1944, abin da ni jikan ban sani ba. Ya ɗora mini Lee-Enfield guda a hannu, nauyinta wajen kilo huɗu. Ya ce irinta suka saɓa a dajin nan.

Tun daga nan shi ke kai ni masallacin Juma'a a motarsa in dusar ƙanƙara ta yi yawa, ya jira ni a waje yana shan kofi. Kafin bazara mun haɗa biyar da nasu, lamba da lamba. Sauran suna kwali.

Na kira mahaifina na ba shi labari. Ya yi shiru, sannan ya ce shi Malam, wato kakan nawa, bai taɓa yi musu zancen bindigar ba, ruwan sama da matsattsaku kawai yake ba da labari. Ya ƙara da cewa kada in kuskura Inna ta ji abin da ke cikin kabad ɗin gidan da nake kwana.