Ɗan ƙarfen da ya ƙone mini sau biyu

Tsohuwar Peugeot 206 ɗina ta fara wani hali a watan Afrilu, lokacin da ranar Tawa ke dafa ƙwai a kan kaho. In ina gudu a hanyar Kwanni, allurar zafi na zaune wajen 90. Amma da na tsaya bakin kasuwa injin na aiki, sai ta fara hawa, kilim, wato na'urar sanyaya cikin mota, ta daina sanyi, can kuma bantilatar, fankar da ke sanyaya injin, ya tashi da ƙara kamar injin niƙa.

Dattijon da ke gyara mana wayoyin wutar mota a unguwa ko kaho bai buɗe ba ya ce, "Malam, ƙaramin gudu ne ya mutu."

Bantilatar ɗin gudu biyu gare shi. A babban gudu, wutar batir na zuwa masa kai tsaye. A ƙarami sai ta bi ta cikin rezistans, wata ƴar naɗaɗɗiyar waya da ba ta kai om 1 ba (om shi ne ma'aunin yadda waya ke tare wuta), ita ke cinye wani kaso na volt 12 ɗin ta mai da shi zafi. Shi ya sa aka soke ta jikin firam ɗin bantilatar, iskar da yake ja ita ke fifita ta. Ta motata ta tsinke, bakin filogin ma ya yi baƙi. Yaron garejin dattijon ya ce a haɗa da waya kawai a huta. Maigidansa ya harare shi: rele, wato makunnin da ke kunna kansa da wuta, da wayar ƙaramin gudu za su ɗauki kayan da ba nasu ba.

Nan karambanina ya shigo. Lissafi nake koyarwa, sai na ga ai wannan ba ya fi ƙarfina. Ƙanena ya aiko mini daga Yamai da wata rezistans irin mai rigar alminiyom ruwan zinariya, an rubuta wat 100 a jikinta. Na liƙa wayoyin da dalma, na ɗaure ta da roba a wani lungu bayan fitila inda na ga ta fi tsari. Kwana tara sai warin roba. Dalmar ta saki, robar ta narke.

Abin kunyar, lissafin da zan iya ba ɗan koleji ne. Ampa 10 a cikin rabin om, wat 50 ke nan, kusan ƙwan babbar fitilar mota mai wat 55, kuma kowa ya san ba a riƙe shi da hannu. Wat 100 ɗin nan da aka rubuta kuwa sai in an ɗaure ta a faffaɗan ƙarfe mai kwashe zafi. A rataye, ba iska, ba ta ɗaukar ko kusa da haka. Dalma kuma tun wajen digiri 190 take narkewa.

Na koma da kai a sunkuye. "Baba, na ɓata."

Bai ce komai ba. Ya cire batir, ya sa yatsa ya juya fiffiken bantilatar, fiffiken ya tsaya cak maimakon ya ci gaba da juyawa. Ƙurar hunturu ta shekaru ta cushe motar bantilatar, wato ɗan injin da ke juya shi, yana aiki da ƙyar, yana jan wuta fiye da ƙima. In wuta ta ninka biyu, zafin rezistans ninki huɗu yake yi. Ashe abin da ya kashe ta farkon ke nan.

Muka samo wani motar bantilatar na hannu. Sabuwar rezistans ya auna ta, ta zo daidai da ta asali, ya ɗaure ta da kusoshi biyu a guntun alminiyom da ya karɓo wajen masu zubin tukwane, ya kafa a bakin iska. Wayoyin matse su ya yi da kos, ƴan ƙarafan da ake matsewa a bakin waya, bai taɓa dalma ba. Ya karɓi kuɗin aikinsa, ya miƙo mini ƙonanniyar a leda, wai in kai wa ɗalibaina. Tana cikin durowar teburina a makaranta, har yau ban fito da ita ba.